Hannun da Bai Ji Harbin Maɓallin Teku Ba

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wannan ta shigo, "Inna Tabawa, yaya Dubai?" Waccan ta leƙo, "Da gaske ne gidajensu sun taɓo gajimare?" Ni kuwa sai in miƙa dabino da turare in ce lafiya lau. Ladi mai ƙosai ce ta fara harbo jirgina. Ta ce, "Tabawa, ke da in kika kwana biyu a Kano sai mun yi mako muna shan labari, yau kin haye teku kin dawo bebiya?" To ga shi. Na zaunar da maƙwabciyata Malama Indo ta rubuta yadda na faɗa, na ce kada ta gyara mini ko kalma, don ba na son in maimaita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Duk Kazaure an san ni ungozoma ce. Masu gemun da ke wucewa ta ƙofar gidana, da yawansu ni na yanke wa cibiya. An kuma san hannuna. Ruwan jego yana tafasa nake tsoma shi in ce ya yi ko bai yi ba, 'yan mata na ihu ni ina dariya. Ko garwashi ya faɗo daga murhu da yatsa nake mayar da shi. Ban taɓa sa wa jariri wani abu ba sai na fara gwada shi a tafin hannuna, kuma da wannan nake tinƙaho.

Autata Zuwaira ce ta haihu a can. Mijinta, wanda ba zan kama sunansa ba, Injiniya muke ce masa, yana aiki a wani ofishin jiragen ruwa a unguwar da ake kira Port Saeed. Shi ya yi ta fama har biza ta fito don in je in yi mata wankan jego. Sai dai kafin in tashi Zuwaira ta kira ni a waya tana ta kwana-kwana.

"Inna, ya ce in roƙe ki."

"Roƙon me?"

"Ban da laya, ban da jiƙe-jiƙe, ban da wuri a hannun yaro. Nan ƙasar in wani abu ya sami jariri har hukuma sai ta shiga. Ya ce in ba za ki iya ba, ki zo ki ga jikanki ki huta, in an yi suna ki koma."

Kun ji fa. A mayar da Tabawa gida kafin arba'in, kamar kayan da aka saya aka ga tabo. Da wane ido zan kalli matan garin nan? Na ce mata ta faɗa masa na ji na yarda. Na kwance wurin da tsakiyar da na riga na ƙulle a lalita, na bar su a ƙarƙashin katifa.

Mota ta kai ni Kano, jirgi ya ɗauke ni. Ban ji tsoro ba, kada wata ta ƙara mini. Abin da ya dame ni shi ne igiyar da ake ɗaure mutum da ita a kujera kamar akuya, da abincin da aka kawo a ɗan kwano wanda ko yaye ba zai ƙoshi da shi ba. Mun sauka a Habasha muka canza jirgi. A nan na bi wata mata mai jan mayafi ina zaton Dubai za ta, ashe Indiya ta nufa, sai da wani ɗan kasuwa Bakano ya ga takardata ya ce, "Iya, in kika shiga nan sai dai ki yi wa Indiyawa jego."

A filin jirgin Dubai aka buɗe jakata. Wata ma'aikaciya mai baƙar abaya ta ɗaga ƙunshin daddawa, ta sansana, ta ja da baya. Ta ɗaga kanwa, ta kira wani, shi ma ya kira wani. Na gutsuri kanwar na tauna a gabansu don su ga ba guba ba ce. Suka bar mini ita da daddawar, amma busasshen ganyen wankan da na yi kwanaki ina shanyawa, cikin kwandon shara ya ƙare. Na buɗe baki zan yi bayani, matar ta ce, "Halas, Mama, yalla." Kalmomin Larabcin da na fara koya ke nan, kuma duka biyun na kora ne.

Gidansu yana Al Nahda, can saman wani bene da sai an shiga akwatin ƙarfe ya haura da mutum. Falat suke ce masa. Ɗaki biyu ne da falo. Ɗaya nasu, ɗayan kuma sun ba wata 'yar Maraɗi haya, Rabi, mai sayar da jakunkuna a kasuwar Naif. A ɗakinta aka shimfiɗa mini katifa. Rabi doguwa ce mai fara'a, ba ta jimla uku ba ta sako Faransanci ba, kuma Tanti take kirana.

To ku da kuka san kunyar suruki, ku auna. A nan gida in Injiniya ya zo gaishe ni, daga bakin zaure yake durƙusawa, ni ina bayan labule. A can kuwa ƙofar banɗaki ɗaya, hanyar kicin ɗaya. In na ji motsinsa sai in koma ɗaki da butata. Abinci a tsaye nake ci a kicin, wata doguwar shinkafa mai ƙamshin kanumfari da wani burodi shimfiɗaɗɗe kamar faifai. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. "Inna, kun tashi lafiya?" "Lafiya lau." Sau ɗaya na saci kallon hannunsa yana riƙe da kofin shayi, fari sol, laushi kamar na amarya. Na ce a raina, wannan hannun biro ne zai koya mini riƙon jariri?

Amma ya yi mini abin da ba zan manta ba. Sunan marigayi maigidana ya sa wa yaron. Don haka ni ma ba na kama sunan, Angona nake ce masa. In na ɗauke shi sai in ce, "Ka dawo ke nan? Ina cefanen?" Zuwaira ta yi ta dariya har ɗinkinta ya motsa.

Wanka kuwa na yi shi yadda ya samu. Babu murhu, babu itace, a tukunyar lantarki nake tafasa ruwa. Ganye fa? Ashe darbejiya cike take a bakin titinsu, an jera ta kamar sojoji. Na sauka na fara karya, sai ga mai gadi da gudu yana ɗaga hannu. Rabi ce ta cece ni. Ta ce, "Tanti, a nan icce ma yana da mai shi." Ta lallashi mutumin, wani ɗan Pakistan, da ta gaya masa na mai jego ne sai ya yi murmushi ya ce su ma haka iyayensu ke yi. Daga ranar shi yake tara mini in masu aski sun yi wa bishiyoyin aski.

Ranar suna ban ga rago ba. Ta waya aka saye shi, aka kawo nama a kwali. Babu maroƙi, babu wanzami. Abokan aikin Injiniya suka cika falo, Indiyawa da 'yan Filifin da wasu Turawa biyu, kowa ya ɗauki yaron ya juya shi ya ɗauki hoto. Na tambayi Zuwaira me suke cewa. Ta ce suna cewa ya yi kyau, ya yi ƙiba, idonsa manya. Na kasa kunne ko zan ji tubarkalla. In ban da Rabi da wani Balarabe guda, babu wanda ya faɗa. Da yamma yaro ya kama kuka ya ƙi nono. Zuwaira ta ce hayaniya ce ta gajiyar da shi. Ni kuwa na san baki in na gan shi, ga shi wurina yana Kazaure ƙarƙashin katifa.

Bayan 'yan kwanaki Rabi ta ce zaman ɗaki zai sa mini ciwo, ta tafi da ni Naif. Kasuwa ce mai lunguna kamar Kurmi, sai dai babu kwata. Hausa kake ji ta ko'ina, wannan na cigiyar masu aika kaya a jirgi, wancan na faɗa a kan kwantena. A wani shago na ga an rataye wasu shuɗɗan duwatsu masu kama da ido. Rabi ta ce mutanen Turkiyya ne ke rataya su don kambun baka. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, amma na tuna alkawari, ga kuma Rabi a tsaye.

Washegari ranar hutunta ce, ta kai ni bakin teku da hantsi. Ba zan ɓata muku lokaci da teku ba, ruwa ne da ba shi da tsallake. Abin da ya tsayar da ni yana kan rairayi. Ruwa ya watso wasu abubuwa birjik, kowanne bai fi kwabo ba. Tsakiyarsa zagaye, ruwan ƙasa-ƙasa, da zane kamar bakin faifai, gefensa kuma wasu zarurruka shuɗɗa shar sun kewaye shi kamar gashin ido. Shuɗin nan ko a marinar Kano ban ga irinsa ba. Ido ne sak. Na ce a raina, Tabawa, kin bar naki a gida don cika alkawari, ga shi Allah ya aiko miki da nasa, ba saye ba, ba roƙo ba.

Na sunkuya na ɗauki ɗaya. Rabi ta daka tsalle.

"Tanti, yar da shi! Wanga medus ne, harbi yake!"

"Me ne ne medus?"

"Wani abin ruwa ne kamar kunun da ya daskare. In ya taɓa mutum kamar an zuba mai barkono."

Na juya shi a tafin hannuna. Na murza. Na sa a ɗaya hannun na ƙara murzawa. Ko ɗis. Sai shuɗin da ya kama mini yatsu kamar na taɓa shuni. Na ce, "'Yar nan, ina harbin? Ku yaran zamani ko ƙuda ya sauka muku sai asibiti." Ta ce, "Bon, Tanti, ku kuka sani," ta juya tana amsa waya. Ni kuwa na tsoma gorar ruwana a teku, na jefa guda uku ciki, na rufe da mayafi.

A raina ban karya alkawari ba. Ba laya ba ce, ba jiƙo ba ne, ba wuri ba ne. Haka na yi ta gaya wa kaina a mota.

Da la'asar na yi wa Angona wanka, Zuwaira tana kicin tana shan kunun kanwa. Na ciro ɗaya na murza a yatsa, na ɗiga masa shuɗin a bayan kunnuwa da ƙasan wuya, inda riga za ta rufe, na yi bismilla. Ban gama sa masa rigar ba ya ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin jariri ya yi ba, ni da na ji kukan jarirai fiye da gashin kaina. Na goge wurin da tsumma da sauri, ashe ƙara yaɗa shi nake. Kafin uwar ta iso, wuyan ya yi ja, ya tashi rudu-rudu kamar an zane shi da tsumagiya.

"Inna, me ya same shi? Me aka sa masa?"

Na ce, "Wanka kawai na yi masa."

Allah ya gani, haka na ce. Idon Zuwaira ya faɗa kan wani man shafawa da Rabi ta kawo wa yaron kyauta. Ta ɗauka ta yi ɗakin Rabi da shi.

"Anti Rabi, me ke cikin man nan? Kayan Naif ko? Jabu kika kawo wa ɗana?"

Rabi ta fito ta dubi wuyan yaron. Sannan ta dubi hannuna. Shuɗin yana nan a gefen farcena. Ta daɗe tana kallo, ta ɗago muka haɗa ido, sai ta ce, "Ki yi haƙuri, Zuwaira. Mu tai asibiti tukuna." Yarinyar da na haifi wadda ta girme ta, ita ta rufa mini asiri, ni kuwa na bar ta da laifin.

Injiniya ya baro ofis ya same mu a asibiti. Likitar wata Ba'indiya ce mai furfura, sa'ata ko ta ɗan fi ni. Ta duba man ta girgiza kai. Ta yi magana, Injiniya ya juya mana da Hausa. Ya ce ta ce wannan ba aikin mai ba ne, ya fi kama da harbin wani abu, kuma tana son ta san ko mene ne kafin ta ba jariri ƙarami haka magani. Ya dubi matarsa, ya dubi Rabi. Ni bai dube ni ba, don bai taɓa duban fuskata ba.

Angona ya yi kuka har muryarsa ta dushe, sai buɗe baki yake babu sauti. Gorar tana cikin jakata, don na ɗauko ta da niyyar in yar a hanya. Na san in na fito da ita, jirgin Kano zan hau. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na miƙe, na ajiye ta a teburin likita, na yi wa surukina magana mafi tsawo da na taɓa yi masa.

"Ga shi. Ni na sa masa. Rabi ta hana ni tun a bakin ruwa, ban ji ba."

Zuwaira ta ce, "Inna!" sau ɗaya, ta rufe fuska.

Likitar ta ɗaga gorar a haske, sai na ga hankalinta ya kwanta. Ta sa aka wanke wurin, aka shafa wani farin magani, ta ce a zauna a ga yadda zai yi. Tana yi tana bayani, Injiniya yana juyawa, idonsa a ƙasa. Wai ba medus ɗin da Rabi ke nufi ba ne, ko da yake kowa haka yake zato. Turawa maɓalli suke ce masa, shuɗin maɓalli. Dafinsa kaɗan ne, ya fi na wancan sauƙi nesa ba kusa ba, babba ma sau da yawa ɗan ƙaiƙayi kawai zai ji, amma fatar jariri ba fata ba ce tukuna. Wai kuma abin da na ɗauka halitta ɗaya ba ɗaya ba ne. Ƙananan halittu ne da yawa suka haɗu suka manne a jikin faifan nan da ke ɗauke da su a kan ruwa. Wasu aikinsu ci, su ciyar da sauran. Wasu haihuwa. Na gefen nan masu shuɗi su ne masu harbi, su kamo abinci su kare gida. In ka ware ɗaya ba zai rayu ba.

Sai ta miƙo hannu ta kama nawa. Ta juya tafin, ta danna da babban yatsanta, ta yi wata magana a hankali. Injiniya bai juya mini wannan ba. Na ce ya faɗa mini.

"Ta ce harbin ba zai iya huda wannan fatar ba, Inna. Ta ce ko ya harbe ku ba za ku ji ba."

Hannun da nake nuna wa duk garin nan. Na tuna jariran da na tsoma a ruwan da na ce ya yi, suna tsala ihu ina cewa rigima ce. Na ja mayafi na rufe shi.

Kafin magariba kumburin ya fara sauka, yaro ya kama nono, aka sallame mu. Da muka isa gida na durƙusa wa Rabi a ɗakinta. Ta kama ni tana cewa, "Tanti, don Allah tashi, kar ki sa ni kuka." Zuwaira ma ta zo ta ba ta haƙuri, su biyu suka yi ta sharɓe.

Kwanakin da suka biyo baya ba a ce mini komai ba, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Zuwaira ke yi wa yaron wanka da kanta, ƙofa a rufe. In ya yi kuka Rabi ke ɗauka. Ni sai tafasa ruwan uwar da dama kunu. Na ninke kayana na zuba a jaka na ajiye bayan ƙofa, don kada a sha wahalar gaya mini. Kullum in Injiniya ya dawo ina jiran in ji an ce ga ranar jirgi.

Ranar Juma'a da safe ina zaune a kan katifa sai na ji sallamarsa a bakin ƙofa. Ya durƙusa kamar yadda yake yi a zaurena, yaron a hannunsa.

"Inna, wankan nan ya gagare mu. Jiya sabulu ya shiga masa ido, shekaranjiya saura kaɗan ya suɓuce wa uwar. Ga mijinku."

Na ce, "Ba ka ga jakata ba?"

"Na gani. Arba'in da saura."

Na karɓi Angona. Tabon ya bushe, saura ɗan duhu a bayan kunne. Na haɗa ruwa a baho, na sirka, na ɗaga hannu zan tsoma kamar yadda na saba tun ina budurwa. Sai na tsaya. Injiniya ya juya zai fita, don bai kamata ya tsaya inda nake ba. Ni da ban taɓa kiransa ba, na kira shi.

"Injiniya. Zo ka sa hannunka a ruwan nan."

Ya tsaya kamar bai ji daidai ba. Zuwaira ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Ya dawo ya nannaɗe hannun riga, ya tsoma farin hannun nan nasa, ya fizge da sauri yana yarfewa.

"Inna, ai wannan sai ya dafa shi!"

Na ce, "To ƙaro na sanyi." Ya ƙaro. Ya sake tsomawa ya ce da saura. Ya ƙaro. Sai da ya ce ya yi sannan na sa yaron. Angona ya miƙe ƙafafu a cikin ruwan, ya yi hamma, ko uffan bai ce ba. Rabi daga bakin ƙofa ta ce, "Tubarkalla, yau ango bai yi wa amarya faɗa ba."

Haka muka yi har arba'in, ni da wanka, shi da taɓa ruwa kafin ya tafi ofis, in ba ya nan Rabi ko uwar. Na cika kwanakina cif, shi da kansa ya kai ni filin jirgi ya ɗaukar mini jaka.

To Ladi, kin ji abin da ya sa na dawo bebiya. Ke kuma da kike ta gunaguni shekaranjiya a gidan Malam Sule, wai me ya sa Tabawa ta kira ƙanwar mai jego ta taɓa ruwan jariri, ko tsufa ne ya kama ta, yanzu kin sani. Gobe akwai wanka a gidan Alhaji Bala da sassafe. Hannunki na ƙosai ne, ya sha zafin mai ya yi kanta kamar nawa, don haka ba ke nake nema ba. Ki turo mini surukarki.